Ranar da Shugaba Ya Janye

Duk wanda ke kunna rediyon gwamnati da rana ya san muryar Maman Soja, ko da bai san fuskarta ba. Murya ce mai sanyi, ba ta gaggawa, ba ta rawa. Da ita ta sanar da ƙarin kuɗin mai, da ita ta sanar da ambaliya, da ita ta karanta sunayen ministocin da aka kora, ta kuma sake karanta su ranar da aka mayar da su, amma ko sau ɗaya ba a taɓa jin ta yi tuntuɓen harshe ba. Abokan aikinta kan ce ko rufin ɗakin ne ya rufto mata, sai ta kai aya kafin ta ce wayyo. Tana jin daɗin wannan magana fiye da yadda take nunawa.

Sunan kuwa ta same shi ne saboda autanta. Auta ya shiga soja ba da son ranta ba, kuma bai daɗe da fitowa daga horo ba aka tura shi yaƙin wata ƙasa can ƙetaren teku, irin yaƙin da idan ka tare mutane a titi ka tambaye su dalilinsa, kowa da amsar da zai ba ka. Gwamnati ta ce taimakon ƙawaye ne. 'Yan adawa suka ce kwangila ce. Mijinta, wanda ke gyaran agogo a wani ɗan shago a bakin kasuwa, ya ce shi dai abin da ya sani an ɗauke masa yaron da ke zare masa ƙananan kusoshi tun da idonsa ya fara rauni.

Ranar da Auta zai tafi, a ƙofar bariki, wani abu ya faru da babu wanda ya sani a gidan rediyo. Matar da ke yi wa ƙasa guda magana kullum ta riƙe hannun ɗanta, ta ce, “Auta, Allah ya…” sai maganar ta maƙale. Ta tsaya baki buɗe har motar ta tashi ta sha kwana. A hanyar komawa gida mijin ya dube ta, idonsa jawur, ya ce, “Ashe ke ma batirinki yana ƙarewa.” Ta kai masa duka da jaka, suka yi dariya, suka ƙarasa gida kowa yana share hanci.

Tun daga ranar ba ta da wani buri a duniya sai ta ga yaron nan ya shigo gida da ƙafarsa.

Ana nan sai zaɓe ya matso. Shugaban ƙasa yana neman ƙarin wa'adi, mutane kuwa sun gaji da shi irin gajiyar da ake yi da baƙon da ya fara gyara wa masu gida kujeru. A wannan lokacin babu kalmar da ta kai “janye” tashe. Wane ya janye wa wane. Wance ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta janye ba. A tasi, a shagon aski, a layin asibiti, jita-jita ɗaya ce: wai manya suna lallaɓa shugaba ya janye daga takara. Mai gyaran agogo, wanda ɗan adawa ne tun daga hula har takalmi, ya ajiye 'yar rediyonsa a tsakiyar agogunan mutane, kullum yana jiran matarsa ta faɗa masa wannan labari da bakinta.

Ranar da abin ya faru, Maman Soja tana tsakiyar labaran rana, ta gama na farashin taki tana shirin shiga na wasanni, sai ƙofar ɗakin ta buɗe a hankali. Edita ne ya shigo a kan yatsun ƙafa, gumi har wuya, ya zura mata takarda a ƙarƙashin hannu. Ya nuna sama da yatsa, wato daga fadar shugaban ƙasa, ya kuma kaɗa hannu, wato yanzu-yanzu. A ƙa'idarta ba ta karanta abin da ba ta fara dubawa ba, amma takardar fada ba a sa ta jira.

Ta gyara zama, ta ce, “Yanzu muka sami wata muhimmiyar sanarwa daga fadar shugaban ƙasa. Shugaban ƙasa ya janye…”

Idon mai karanta labarai kullum yana gaban harshensa. Kafin ta rufe baki a kan “janye”, idonta ya riga ya sauka a kan kalmar da ke biye: sojojinmu. Shugaban ƙasa ya janye sojojinmu daga yaƙin ƙetare. Ta buɗe baki, babu komai. Ta sake buɗewa, sai hawaye.

A bayan gilashi Injiniya yana zaune a gaban na'urorinsa. Bawan Allah ne da ya riƙe doka ɗaya tak tun ranar da aka ɗauke shi aiki: shiru haramun ne a rediyo. Da ya ga abin da bai taɓa gani ba, Maman Soja tana kuka a gaban makirfo, sai ya ruɗe ya danna maɓallin da ya fi kusa da hannunsa. Maɓallin taken ƙasa ne.

To, taken ƙasa ba a yanke shi a tsakiya, wannan ko ɗan firamare ya sani. Kuma nasu taken dogo ne, wanda ya rubuta shi bai bar dutse ko kogi bai gaisar ba. Saboda haka abin da ƙasa ta ji ke nan: muhimmiyar sanarwa daga fada, shugaban ƙasa ya janye, shiru, sai taken ƙasa tun daga farko har ƙarshe.

Ba a kai rabin taken ba aka fara jin hon ɗin motoci daga titi.

Maman Soja ta share fuska, ta ɗaga wa Injiniya hannu alamar ta dawo daidai, a ba ta makirfo ta ƙarasa. Kafin ya motsa, Darakta ya faɗo ɗakin, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana cewa, “Kada wanda ya sake cewa uffan! A sa kiɗa! Babu mai magana a gidan nan sai an ce mana ga abin da za mu ce!” Da ma shi mutum ne da ko atishawa zai yi sai ya tambayi sama. Aka sa kiɗa, kuma kiɗan da Injiniya ya laluba mai daɗin rawa ne.

A baranda ta tsaya ta karanta sauran takardar. Sakin layi na biyu ya ce rukunin da suka fara tafiya za su iso gida kafin zaɓe. Sauran kuwa za su biyo baya bayan zaɓe, da zarar hali ya yi. Auta yana cikin waɗanda suka tafi daga baya. Ita kuma ta san ma'anar “da zarar hali ya yi”, don da bakinta ta karanta shi a kan gadar da ke bayan kasuwa, ga gadar nan har yau ana tsallaka wurin da katako. Murnar ta zube mata gaba ɗaya. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta ji kamar an miƙo mata ɗanta ta taga an janye.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, bayansa ihu kamar ana cin kasuwa.

“Uwargida! Allah ya yi miki albarka! Na rufe shago, ga ni a shataletale, har na yar da hulata ban san inda ta faɗa ba!”

“Malam, tsaya ka ji, ba fa haka…”

“Me? Ba na jin ki! Kin ga mai facin taya na kusa da shagona? Shekara da shekaru ba ma gaisawa, yanzu muka rungume juna!”

“Malam, sojoji ne aka…”

“E, har sojojin ƙofar banki suna murmushi! Sai na dawo!” Ya kashe.

Aka kira ta ofishin Darakta. Ofis ne mai ƙaton tebur da ba a aiki a kansa, da hoton shugaban ƙasa a bango tun yana da sauran gashi, da taga mai kallon shataletale. Ta tagar kana hango gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa. Masu tasi sun tsaya a tsakiyar titi sun buɗe ƙofofi, mata suna kaɗa gyale, wani mai sayar da lemo yana rabawa kyauta, abin da ba a taɓa gani ba. Darakta ya kasa zaune ya kasa tsaye.

“Maman Soja, kin kashe ni,” ya ce. “Saura kaɗan na yi ritaya lafiya, kin kashe ni.”

Ba a jima ba sai ga Mashawarci, mai ba shugaban ƙasa shawara kan yaƙin neman zaɓe. Ta ƙofar baya ya shigo, don masu rawa sun tare motarsa a hanya, ba su san ko wane ne ba, suka ƙi barinsa ya wuce sai da ya fito ya taka 'yar rawa. Mutum ne siriri mai tsafta, wayoyi uku a hannu, da idon wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya zauna, ya jera wayoyin a kan tebur, ya dube ta.

“Mama, kin san wahalar da muka sha a kan kalmar nan?” ya ce. “Da farko muka rubuta ‘kwaso’. Manyan soja suka ce sai ka ce gudu muka yi. Muka rubuta ‘mayar da su gida’, aka ce sai ka ce kayan aro. Muka yi ta taro, muka sha shayi har ya ishe mu, sannan muka tsaya a kan ‘janye’, wai ita ce mai mutunci. Ashe rami muka haƙa wa kanmu.”

“Ranka ya daɗe, kuskure nawa ne, ban musa ba,” ta ce. “Ɗana yana can. Idona ne ya riga bakina.”

“Allah sarki. Yana rukunin farko?”

“Yana cikin ‘sauran’.”

Ya ɗan kawar da kai. Ta ga alamar yana da sauran kunya, sai ta samu ƙarfin tambaya. “Ni dai don Allah, tunda yau na riga na ɓata, a gaya mini. Yaƙin ya ƙare ne?”

“Ina fa. Yana nan inda yake.”

“To me ya sa yanzu? Kuma me ya sa rabi?”

Darakta ya zaro ido yana mata alamar ta yi shiru, amma Mashawarci ya gaji da ɓoye-ɓoye. Ya ce, “Mama, ke ba yarinya ba ce. Garuruwan da yaran nan suka fito, can ne ƙuri'a take zube mana. Ɗan takarar adawa ya tashi da ‘zan dawo muku da 'ya'yanku’, ya kwana da ita, ko ina ya je mata suna kuka suna tafa masa. Sai muka ce bari mu riga shi, mu ƙwace maganar daga bakinsa. Amma ƙawayenmu na waje, masu ba mu rance da jirage, ba sa son mu bar musu fili. Shi ne aka raba. Rabi ya isa a cika filin jirgi a ɗauki hoto, rabi ya isa a rufe bakin ƙawaye.”

Ya faɗe shi ne kamar mai bayanin yadda ake raba gado. Maman Soja ta ji ranta ya ɓaci. Wato yaron da ta yi goyo, wanda har yanzu ba ya cin abinci sai ya ware albasa gefe, shi ne abin rufe bakin wasu mutane da ba su san sunansa ba. Ta haɗiye, don ta ga ba ranar faɗa ba ce.

Sai wayar tsakiya ta yi ƙara. Mashawarci ya duba, ya miƙe zumbur. Darakta ma ya miƙe, har da ɓalla maɓallin kwat, sai ka ce wayar tana da ido.

“Ranka ya daɗe,” in ji Mashawarci. “E, ranka ya daɗe, hon ne kake ji… E, rawa ake yi… Duk gari, ranka ya daɗe, har da unguwannin da ba namu ba.” Ya saurara, gumi yana tsattsafo masa. “Saboda sanarwar ne, ranka ya daɗe. Wallahi saboda sanarwar ne.”

Maman Soja ta sunkuyar da kai don kada dariya ta ƙwace mata. Mutumin bai yi ƙarya ba.

Da ya ajiye wayar sai ya zube a kujera. Ashe shugaba yana cikin taro lokacin labarai, bai ji komai ba, kuma duk fadar an rasa mai ƙarfin halin gaya masa. Ya leƙo ta bene ya ga gari yana rawa, ya ɗauka janye sojoji ne ya faranta wa mutane rai haka. Yanzu ma cewa ya yi a shirya masa buɗaɗɗiyar mota, da yamma zai fito ya ɗaga wa masoyansa hannu.

“Inna lillahi,” in ji Darakta.

“Kafin ya fito dole mutanen can su san gaskiya,” in ji Mashawarci. “Mama, ki koma ki karanta takardar nan daga farko har ƙarshe. Sannan ki ƙara da cewa jama'a sun fito murnar dawowar sojoji.”

Maman Soja ta dubi takardar da ke hannunta, ta dubi taga. A karo na farko tun da aka kira ta, ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

“Zan karanta, ranka ya daɗe, aikina ne. Sai dai ina jin tsoron muryar nan tawa. Ka ga yau ta fara abin da ba ta saba ba. Sakin layi na farko ma da yake labarin daɗi ne ga yadda ta yi. To ina ga na kai wurin ‘sauran’? Ban san inda za ta tsaya ba. Kuma ka ga Injiniya, hannunsa ba ya nisa da maɓallin nan.”

“Barazana kike yi mana?” in ji Darakta. “Ranka ya daɗe, a bar ta. Ga mai sharhin ƙwallo nan, ya karanta.”

Mashawarci ya girgiza kai. “Wanda ke ihu idan an ci ƙwallo? In wani ya karanta ba ita ba, kafin la'asar za a ce an kama ta, an tilasta wa shugaba ya fasa janyewa. Da bakinta aka ji, da bakinta za a yarda.”

Ya tashi ya je taga, ya daɗe yana kallon shataletale. Maman Soja ta bar shi ya yi lissafinsa, don ta lura irin mutanen nan ba a tura su, sai dai a nuna musu hanya su ce su suka gano ta. Can ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta, “Ni tausayin matan can nake ji. Yanzu za a ce musu mutumin yana nan. Sannan a ce wa rabinsu 'ya'yanku ma suna nan inda suke. Sannan a fito a buɗaɗɗiyar mota.”

Bai juyo ba. Ta ga yana taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana motsa baki. Sai ya dawo ya ɗauki wayar tsakiya.

“Ranka ya daɗe, ni ne kuma. Wani tunani ne na ga kamar kai ka fara kawo shi kwanaki, muka ƙi ji… E. Cewa na yi, in rabi ya fito da mutane haka, duka fa?… E, dukansu, kafin zaɓe. Adawa ba ta da sauran abin faɗa.” Ya saurara. “Ƙawaye za su yi fushi, ranka ya daɗe, gaskiya ne. Amma ƙawaye ba sa jefa ƙuri'a a nan.” Ya sake saurarawa, ya ɗan yi murmushi. “Hangen nesanka ne, ranka ya daɗe. Mu namu bi.”

Ya ajiye waya, ya ja takardar, ya soke sakin layi na biyu da biro, ya yi rubutu a gefe, ya sa hannu. Maman Soja ta karanta a nitse, sau biyu, kamar yadda ta saba.

“Saura abu ɗaya,” ta ce. “A cire mini ‘janye’ ɗin nan. Ni da kalmar nan mun rabu.”

“Sa duk abin da kika ga dama, Mama.”

Ta koma ɗakin labarai. Injiniya ya ɗaga hannayensa biyu sama don ta ga ba ya kusa da komai. Jar fitila ta kama, ta ce da muryar nan tata ta kullum, “Jama'a, ɗazu magana ta yanke mini a tsakiya, ina neman afuwa. Shugaban ƙasa yana nan a takara, bai je ko'ina ba. 'Ya'yanmu da ke yaƙin ƙetare ne za su dawo gida. Dukansu, kafin zaɓe, ba a bar ko ɗaya ba.” Ta maimaita, ta kai aya, ta shiga labarin wasanni.

Edita, wanda ke tsaye a taga, shi ya ba ta labarin abin da ya biyo baya. Ya ce da farko shataletale ya yi tsit. Sai aka ji wani dogon tsaki ya tashi, irin wanda gari guda ke ja a tare. Mai lemo ya fara bin mutane yana cewa a biya shi. Sai wata mata mai tallan kayan miya ta dire farantinta a tsakiyar titi, ta ɗora hannu a ka, ta ƙwala kiran sunan ɗanta. Wata ta amsa daga can gefe da sunan nata. Kafin ka ce me, rawa ta dawo sabuwa, wannan karon da kuka a ciki. Da shugaba ya fito da yamma ya sami mutane suna murna da gaske, ya yi ta ɗaga hannu. Har yau babu wanda ya gaya masa.

Da ta koma gida ta tarar da mai gyaran agogo zaune a tsakar ɗaki, babu hula, ƙafa a cikin ruwan ɗumi.

“An cuce ni,” ya ce. “Na yi rawa har gwiwata ta kumbura, na rungumi mai faci a banza.”

“Ba a banza ba, Malam. Da ba ku yi rawar nan ba, da Auta sai hali ya yi.” Ta zauna ta kwashe labari ta gaya masa. Ya yi dariya har ya kusa kifar da ruwan, sannan ya rufe fuska da tawul ya daɗe bai buɗe ba.

“Amma ki gaya wa mai wayoyin nan,” ya ce daga cikin tawul, “ɗana zan karɓa, ƙuri'ata kuwa tana aljihuna.”

A gidan rediyo ba a kore ta ba, don korar ta za ta jawo tambaya. Sai aka ce an lura ta gaji, aka mayar da ita shirin gaishe-gaishe, inda take karanta saƙon masu gaida surukai da abokan ango. Maɓallin taken ƙasa kuwa aka rufe shi da salatif. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ta san gwamnati, ta san alkawarin da aka yi da rana tsaka yana iya narkewa kafin magariba. Kullum sai ta tambayi Edita ko wata takarda ta zo daga fada, in ya ce babu sai ta yi hamdala.

Gwamnati ba ta fasa ba, don an riga an buga hotunan kamfe da alkawarin a jiki. Ana saura 'yan kwanaki zaɓe aka tara iyaye a filin jirgi, aka raba musu ƙananan tutoci. Jiragen suka sauka, aka jera yaran a rana a bayan shugaba, shi yana inuwa yana jawabi a kan yadda ya kasa barci saboda tunaninsu. Mai gyaran agogo ya yi ta duba agogonsa yana tsaki. Maman Soja ba ta ji ko kalma ɗaya ba, idonta yana bin layi fuska bayan fuska, duk sun rame, duk sun yi kama da juna a cikin kaki. Daga nesa Mashawarci ya hango ta, ya ɗaga mata waya ɗaya alamar gaisuwa.

Da aka gama hotuna aka sake su, fili ya rikice. Tana cikin waige-waige sai ta ji an ce a bayanta, “Mama.”

Ya yi baƙi, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma shi ne, da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu. Ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗunsa, ta juya shi ta duba bayansa kamar mai sayen riga. Uban ya riƙe jakar ya ƙi saki, yana ta faɗin, “Ka ga yadda suka mayar mini da yaro, ka ga yadda suka mayar mini da yaro,” yana dariya.

Suna tafiya wajen mota Auta ya ce, “Mama, mun fa ji ki ranar nan. A wayar wani abokina muke kama gidan rediyonku, muna cin abinci a tanti.”

“Kai, ka rufa mini asiri. Har can abin kunyar ya kai?”

Ya rage murya, ya waiga. “Da kika ce ‘ya janye’ aka sa take, tantin nan kamar zai tashi sama. Har da masu igiya a kafaɗa, suna yi suna leƙen ƙofa. Ni kuwa na ajiye kwano na je na fara haɗa jakata. Suka ce, kai ina za ka? Na ce gida. Suka ce shugaba ne ya janye, ba kai ba. Na ce ku dai ku jira.”

“To kai ya aka yi ka sani?” in ji uban. “Ni da nake aurenta ma rawa na tafi.”

“Baba, shugaba ko daga bene ya faɗo, Mama sai ta kai aya.” Ya dube ta. “Na san shirun nan. Sau ɗaya na taɓa jin shi, a ƙofar bariki.”

Maman Soja ta tsaya cak a tsakiyar masu wucewa, 'yar tutar tana hannunta. Ta riƙo hannun rigarsa, ta buɗe baki za ta ba shi amsa. Ta ce, “Auta…” Ta sake buɗewa.

Mai gyaran agogo ya ajiye jakar a ƙasa, ya share idonsa da bayan hannu, ya dubi hagu ya dubi dama.

“To,” ya ce, “ina Injiniya? A sa mana taken ƙasa.”